Abin Da Ke Kashe Wutar Murhun Gas

A da, matan Malumfashi da itace da karan dawa suke girki. Bayan wannan sai risho ya zo, mai aiki da kananzir. Yanzu kuwa gidaje da dama sun koma ga murhun gas, domin ba shi da hayaƙi, ba ya kuma baƙanta gindin tukunya. Shi gas daga ƙarƙashin ƙasa ake samunsa, kamar man fetur. Akan matse shi har ya zama ruwa, sa'an nan a ɗura shi cikin tulun ƙarfe mai cin kilo 3, ko 6, ko 12 da rabi.

To, wata rana uwargida takan aza sanwa, ta juya baya kaɗan, sai ta tarar wuta ta mutu. Ta kunna, ta sake mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Kowace wuta abu uku take bukata: abin da za ta ci, da iska, da zafi. In ɗaya ya ragu, sai ta mutu.

Amma kafin a nemi dalili, wajibi ne a fara rufe gas. Wuta takan mutu alhali kuwa gas yana ta fita. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasan ɗakin girki. Wanda ya ƙyasta ashana a nan ya jawo gobara. Don gudun haka ne masu sarrafa shi suke zuba masa wani magani mai wari kamar bara-gurbi, domin hanci ya yi gargaɗi. Sai a buɗe ƙofa da taga, a dakata har warin ya fita sarai, kana a shiga bincike, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Da fari a duba ko gas ne ya ƙare. A jikin tulu an rubuta nauyinsa in babu kome ciki. In an aza shi bisa sikeli aka ga nauyin ya kusa da wannan, to, sai a tafi wurin ɗuri.

Na biyu shi ne iska. Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, iska takan kaɗo da ƙarfi daga arewa maso gabas, ta busa wuta. Maganinta a kau da murhu daga bakin ƙofa, ko a kāre shi da faifan kwano.

Na uku shi ne toshewa. A kan murhu akwai 'yan ƙofofi a jere, inda gas ke fitowa. Ƙurar hunturu takan cika su, haka kuma miya ko kunu in sun tafaso sun zube. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana ci ta kowane gefe. In ta zama rawaya, tana ci gefe guda, tana sa baƙi, to, an sami toshewa. Sai a bari kan ya huce, a cire shi, a wanke da ruwa da sabulu, a tsokace ƙofofin da tsinken tsintsiya. Kada a mayar sai ya bushe sarai.

Na huɗu shi ne tiyo, da ƙarfen nan na bakin tulu mai rage ƙarfin gas, wanda ake ce wa regileta. Tiyo yakan lanƙwashe, ko ya tsage don tsufa, ko ɓera ya ci shi. Yadda ake ganewa shi ne a kaɗa ruwan sabulu, a shafa wa tiyo da mahaɗansa, a buɗe gas kaɗan. Inda aka ga kumfa yana tasowa, nan ne yake yoyo. Ba a ɗaure tiyo da tsumma ko roba, sabo ake saye.

Na biyar, waɗansu murahu suna da wani ɗan tsinken ƙarfe kusa da harshen wuta. Shi ne mai gadi. Muddin yana jin zafi, zai bar gas ya wuce. In ya yi sanyi, sai ya rufe hanya. In datti ya lulluɓe shi, ba ya jin zafi sosai, sai ya yi ta kashe wuta. A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Ingila da Amurka, manyan murahun da ke ɗumama gidaje su ma suna da mai gadi irin wannan. In an goge shi bai daina ba, aiki ya zama na mai gyara.

Akwai abin da ba a yi ko kusa. Ba a kwantar da tulu, ba a gasa shi da wuta wai don gas ya ƙara fita. Ba a kuma rufe ɗaki a kunna murhu don jin ɗumi, domin wuta in ta rasa isasshiyar iska takan fid da wata guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci.

Yaro ma yana da nasa aiki. In ya ji warin gas, kada ya taɓa ashana ko makunnin lantarki. Sai ya buɗe ƙofa, ya fid da ƙannensa waje, ya kira babba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku wuta take bukata?
2. Don me ake sa wa gas wari?
3. Yaya ake gane tiyo yana yoyo?
4. Me ya kamata yaro ya yi in ya ji warin gas?