Alƙawarin 1707: Yadda cocin Sikotlan ya hana gwamnati shiga harkokinsa

Idan gari ya waye ranar Lahadi a Romi, tun da sassafe ganguna da waƙoƙi ke tashi daga majami'u, kamar yadda kiran salla ke tashi daga masallatan Kaduna ranar Juma'a. Mu da muka taso a nan mun saba ganin jama'ar kowane wurin ibada suna tafiyar da harkokinsu da kansu. Sai da muka shiga jami'a muka fara karatun tarihi, sannan muka gane cewa akwai ƙasashen da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana fafutuka kafin a samu wannan. Ɗaya daga cikinsu ita ce Sikotlan, wadda ke arewacin Ingila.

Kun karanta a aji cewa ranar 1 ga Janairu, 1914, Lugard ya haɗe Arewa da Kudu suka zama Nijeriya. To ita ma Birtaniyar da ta haɗe mu, haɗa ta aka yi. Tun 1603 Ingila da Sikotlan suke da sarki ɗaya, amma kowace da majalisarta da dokokinta. Ranar 1 ga Mayu, 1707, a zamanin Sarauniya Anne, suka zama ƙasa guda da majalisa guda a Landan.

Nan fa hankalin mutanen Sikotlan ya tashi, domin tsarin cocinsu ya bambanta da na maƙwabtansu. A Ingila sarki ne shugaban coci, kuma bishop-bishop ne ke jagoranci. A Sikotlan kuwa fastoci da dattawan ekklesiya ne ke yanke shawara, daga ƙaramar majalisar kowace majami'a har zuwa babban taron shekara. Ga shi a sabuwar majalisar wakilai, Sikotlan kujeru 45 kawai ta samu, Ingila da Wales suna da 513. Duk ranar da masu rinjaye suka ga dama, za su iya kaɗa ƙuri'a su sauya musu tsarin ibada. Fastoci da dama suka hau mumbari suna wa'azin kada a yarda da haɗewar.

Don a kwantar da hankalinsu, majalisar Sikotlan ta yi wata doka ta musamman wadda ta tabbatar da koyarwar cocin da tsarin shugabancinsa na dattawa. Aka ce wannan doka sharaɗi ce daga cikin sharuɗɗan haɗewar, ba za a taɓa canza ta ba, kuma duk sarkin da ya hau gado sai ya rantse zai kiyaye ta. Har yau ana yin wannan rantsuwa. Ranar 10 ga Satumba, 2022, kwana biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa, Sarki Charles na Uku ya yi ta a Landan.

Sai dai alƙawari a takarda daban, cika shi daban. Shekara biyar kacal bayan haɗewar, a 1712, majalisar Landan ta maido wa manyan masu filaye ikon zaɓar faston da za a kai majami'un yankunansu, ko jama'a suna son sa ko ba sa so. Ku ɗauka a ce wani attajiri ne zai zaɓa wa unguwarku fasto ko limami, alhali ko sahu ɗaya ba ya haɗawa da ku.

A 1733 wani fasto mai suna Ebenezer Erskine da abokansa suka ɓalle saboda wannan. Rigimar ta ci gaba da ruruwa har fiye da shekara ɗari. Cocin ya yi dokar da ta bai wa jama'a damar ƙin faston da ba su amince da shi ba, kotunan gwamnati suka ce dokar ba ta da tushe. Ranar 18 ga Mayu, 1843, a birnin Edinbara, wakilai suka tashi suka fice daga babban taron cocin. A ƙarshe fastoci sama da 450, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku, suka kafa nasu cocin ƙarƙashin jagorancin Thomas Chalmers. Sun bar albashinsu da gidajen da suke zaune da iyalansu da gine-ginen majami'unsu. Wasu sun yi ta ibada a fili da rumbunan gona kafin mabiya su tara kuɗi su gina sababbi.

Sai a 1874 aka soke dokar masu filayen. A 1921 majalisar Birtaniya ta amince a rubuce cewa cocin ne kaɗai ke da iko kan koyarwarsa da ibadarsa da ladabtar da mabiyansa. A 1929 mafi yawan waɗanda suka ɓalle suka dawo. Yanzu idan sarkin Birtaniya ya je Sikotlan, zama yake yi a majami'a kamar kowa. Wakilin da yake aikawa babban taron shekara yana saurare, yana jawabi, amma ba ya kaɗa ƙuri'a.

Wannan labari ya taɓa mu kai tsaye. Hope Waddell, wanda ya sauka Kalaba a 1846, cocin da ya samo asali daga ɓallewar 1733 ne ya aiko shi. Mary Slessor da kuka sani da ceton tagwaye, wadda ta iso a 1876, ita ma daga wannan reshe ta fito.

Mu ma an taɓa yi mana irin wannan alƙawari. A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Lugard ya faɗa wa manyan gari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. A yau kuma sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 38 kuma ya bai wa kowa 'yancin addini.

Duk da haka muhawarar ba ta ƙare ba. A 2016 an yi ta cece-kuce a nan Kaduna kan ƙudurin da ya nemi masu wa'azi su riƙa karɓar lasisi. Masu goyon baya suka ce jihar da ta ga rikicin 2000 da na 2002 dole ta sa ido kan kalaman tunzuri. Masu adawa suka ce wanda ke ba da lasisi yau, gobe zai iya hana wanda ya faɗa masa gaskiya. A 2020 ma Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta yi watsi da wani sashe na sabuwar dokar kamfanoni da ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi, ciki har da na addini.

Ga shawararmu ga ƙungiyoyin muhawara na makarantunku. Ku nemi kundin tsarin mulki ku karanta sassan nan biyu, ba su wuce shafi ɗaya ba. Sannan ku raba aji biyu, Musulmi da Kirista a kowane ɓangare, ku tattauna wannan tambaya: a ina ikon gwamnati na kare zaman lafiya ya tsaya, a ina kuma 'yancin masallaci da majami'a ya fara? Ku aiko mana da abin da kuka cimma, za mu so mu karanta.