Dalilin Kwashe Littattafai 200,000 Daga Dogon Zauren Dublin

A tsakiyar birnin Dublin na ƙasar Ailan akwai wani ɗakin karatu da mutane ke biyan kuɗi don kawai su shiga su ɗaga kai su kalla. Na Kwalejin Trinity ne, jami'ar da aka kafa a 1592. An fara ginin a 1712, aka gama a 1732. Babban zaurensa, wanda ake kira Dogon Zaure, tsawonsa ya kai mita 65, kantocin katako tun daga ƙasa har sama, kuma a cikinsu aka jera littattafai kimanin 200,000, mafiya tsufa da jami'ar ta mallaka. Daga 2022 aka shiga kwashe su ɗaya bayan ɗaya domin a gyara ginin, har yawancin kantocin suka zama wayam.

Wasu baƙi sun ji haushi: sun zo ganin littattafai, sun tarar da katako. Ina ganin uzurinsu, amma ina tare da masu kwashewar.

Abin da ke cin littafi a irin wannan gini ba ya yin hayaniya. Ƙura ce da danshi. Kwalejin tana kewaye da titunan da motoci ba sa yankewa, kafin motoci kuma birnin ya daɗe yana shan hayaƙin kwal. Iskar da ke fita daga irin wannan hayaƙi, idan ta shiga fatar da aka yi bangon littafi da ita ta gamu da laima, sai ta koma sinadari mai ci. A hankali fatar ta bushe, ta yi ja, ta riƙa zuba kamar gari in an taɓa. Ita kuwa ƙura tana riƙe danshi, ta zama abincin funfuna da ƙwari. Ga kuma dubban maziyarta kullum, kowa da numfashinsa da zafin jikinsa da ƙurar takalminsa. Takarda da fata suna kumbura in iska ta jiƙe, su tsuke in ta bushe. Shekara ɗari uku ana wannan, dole ɗinki ya saki. Maginan ƙarni na 18 ba su da na'urar daidaita zafi da laima, ba su da matatar iska. Waɗannan ne gyaran zai shigar, kuma in an yi shi da kyau, mai ziyara ba zai ma lura da su ba.

Sai kuma gobara. Wutar da ta kama majami'ar Notre-Dame a Paris a Afrilun 2019 ta tayar da hankalin masu kula da tsofaffin gine-gine a duk Turai. Mu a Afirka mun ga namu a Afrilun 2021, lokacin da wutar daji ta gangaro daga dutsen da ke bayan Jami'ar Cape Town ta cinye zauren karatu na Jagger, inda aka tara littattafai da finafinai kan tarihin nahiyar nan. Abin da ke ajiye a ƙarƙashin ginin ya tsira daga wuta, amma ruwan kashe gobara ya jiƙa shi. A ɗakin karatu, maganin ma yana da tasa ɓarnar.

Akwai wani abu da ya sa kwashe littattafan ya zama tilas: lokacin gyara shi ne lokacin da tsohon gini ya fi shiga haɗari. Ana cikin gyaran Notre-Dame ta kama da wuta. Makarantar zane-zane ta Glasgow ta rasa ɗakin karatunta a gobarar 2014, ana tsakar sake gina shi wata gobarar ta tashi a 2018 ta fi ta farko muni. Wayoyin lantarki na wucin gadi, walda, ƙofofi a buɗe. Ba mai hankalin da zai bar littafi a wurin.

An ƙiyasta aikin na Trinity a kan Yuro miliyan 90, gwamnatin Ailan ta ba da miliyan 25. Shahararren Littafin Kells na ɗakin karatun, Linjila huɗu da aka rubuta da Latin a kan fatar maraƙi wajen shekara ta 800, yana da nasa akwatin gilashi da nasa masu tsaro. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka bi da sauran, waɗanda ba wanda ya san sunansu. Kowane littafi an sauko da shi da hannu, an zuƙe ƙurarsa da ɗan inji mai taushin baki, an auna shi, an duba lafiyarsa, an maƙala masa alamar lantarki da ke haɗe da rajistar kwamfuta, kafin a kai shi ma'ajiyar da ake daidaita iskarta.

Wannan alama ba ƙawa ba ce. A Dogon Zaure ba bisa fanni aka jera littattafai ba, bisa girma ne: manya a ƙasa, ƙanana a sama inda sai da tsani. Littafin da aka mayar a kantar da ba tasa ba, cikin 200,000, yana iya yin shekaru ba a gano inda yake ba.