Rashin Fitila a Dashbod Ba Ya Wanke Mota

A wurin cinikin manyan motoci na hannu, 'yan Kwatano ne ko waɗanda aka ɗan hau a gida, akwai tsarin da ya zama kamar doka. A tayar da mota, a buɗe bonet, makanike ya kasa kunne, ya taka totur sau biyu ko uku, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya zagaya ya leƙa salansa. Sai dillali ya nuna dashbod ya ce, "Alhaji, duba da idonka, ko fitila ɗaya ba ta kama ba." Daga nan sai maganar kuɗi. Wanda ya ce a ɗauko kwamfuta a jona kuwa, kallon mai ɓata ciniki ake yi masa, ko kuma a ce ya raina gwanintar makanike.

Ra'ayin yana da tushe, ba daga sama ya faɗo ba. Iyayenmu da suka hau Peugeot 504 da 505, waɗanda a da ake haɗawa a Kaduna, da kunne suka sayi motocinsu kuma ba su yi nadama ba. Injin mai kafireto ba ya ɓoye ciwonsa: in mai ya yi masa yawa zai yi baƙin hayaƙi, in filogi ya mutu zai yi ta karkarwa. Har gobe ma kunnen gwani yana da aikin yi, domin shi ke jin ƙwanƙwasar da ke fitowa daga ƙasan inji, wadda na'ura ba lallai ta faɗa ba. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne a ɗauki ma'aunin 504 a auna Mercedes ML350, ko Lexus RX350, ko BMW X5, ko Range Rover.

Waɗannan motoci an ƙera su ne yadda za su rufa wa kansu asiri. Ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikai ke kira birenbos, kullum tana karɓar rahoto daga sensoci tana gyara lissafi. In iska tana shiga ta wata ɓaraka, sai ta ƙara mai. In sensa ta ji injin ya soma ƙwanƙwasa, sai ta jinkirta wutar filogi. Mai sauraro a waje zai ji inji lumui, alhali a ciki ƙwaƙwalwar tana ta ciko. Adadin wannan ciko yana nan a rubuce, kuma a allon na'ura kaɗai ake ganinsa. In ka ga ƙarin man da ta daɗe tana yi ya haura kashi 10 cikin ɗari, akwai abin tambaya ko da injin bai yi tari ba.

Ita fitilar da dillali ke tutiya da ita fa? Tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur, na dizal daga baya. Shi ne soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ɓoye a ƙasan sitiyari. Ƙofar da ake shiga a karanta matsala ita ce ƙofar da ake shiga a goge ta, kuma gogewar ba ta cin minti ɗaya. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu ma tana iya yi. A motoci da yawa, ko zare kan batir aka yi na ɗan lokaci fitilar takan mutu. Ban da wannan, akwai matsalolin da ƙwaƙwalwa ba ta kunna musu fitila sai ta gan su a tafiya biyu a jere. A karon farko ajiye lambar take yi a jerin masu jiran tabbaci, dashbod kuwa fes. Akwai kuma aikin rashin tsoron Allah, inda ake kwance dashbod a toshe fitilar da baƙin tef ko a kashe ƙwanta. Wannan na ƙarshe ba ya buƙatar kwamfuta kafin a gano shi: murɗa makulli har dashbod ya kawo wuta, kada ka tayar da injin. Hoton injin nan mai ruwan ɗorawa dole ya kama tare da sauran fitilu. In kowace ta kama ban da ita, ka san an taɓa wurin.

To in an goge, me kwamfutar za ta gani? Wannan ita ce tambayar da masu shakka kan yi, kuma tambaya ce mai kyau. Gogewa tana barin sawu. Ƙwaƙwalwar injin tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya: na indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa), na sensocin salansa, na tururin tankin mai, da sauransu. Da zarar an goge lambobin matsala, duk waɗannan sai su koma matsayin waɗanda ba a kammala ba, kuma ba sa cika sai motar ta yi tafiye-tafiye iri-iri, daga sanyi zuwa zafi, cikin gari da kan babbar hanya. A yawancin motoci har akwai wurin da ke nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Mota mai shekara goma sha biyar a duniya, allo ya nuna ba lambar matsala ko ɗaya, gwaje-gwaje huɗu ba su kammala ba, tafiya tun gogewa kilomita 6: wannan ba takardar lafiya ba ce, farar takarda ce da aka share ɗazu. Motocin kasuwar Amurka daga 2010 kuma suna da wasu lambobi na dindindin, waɗanda na'ura ba ta iya gogewa, zare batir ma ba ya taɓa su, sai ita motar ta tabbatar da kanta cewa an yi gyaran.

A nan sai a yi wa dillali adalci. Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa, ta kuma zauna a tashar Tin Can ko ta Kwatano, batirinta kan mutu, kuma mutuwar batir ita ma tana mayar da gwaje-gwajen baya. Saboda haka ganinsu ba a kammale ba, ba hujjar kiran mutum macuci ba ce. Abin da yake nufi kawai shi ne motar ba ta ba da shaida ba tukuna. A fita da ita, a yi tafiya mai tsawo, a kashe ta ta huce, a sake fita, sannan a sake jonawa.

Ga misalin da ya sa nake nacewa. Injin V6 na Mercedes mai suna M272, wanda ke cikin ML350 da E350 na wajen 2006 da 2007, an san na farko-farkonsa da wani aibi: haƙoran giyar da ke kan sandar daidaita girgizar inji, inda sarƙar taimin ke bi, suna saurin cinyewa. Da farko ba wani ƙara da kunne zai kama, motar tana gudu kamar ba komai. Abin da ke fara tonawa shi ne lambar P0016 ko P0017, wato ƙwaƙwalwa ta lura juyin kiranshaf da na kamshaf sun soma saɓawa. Gyaran na gaskiya sai an sauke injin ɗungurungum. Wanda ya sayi irin wannan mota da fitila a goge, kwana kaɗan za ta dawo masa, ya soma zarya tsakanin gareji da kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka. Sai dai kuma lambar nan ɗaya tana iya fitowa saboda wani ƙaramin maganaɗisu a gaban inji, wanda canza shi bai kai ya kawo ba. Kwamfuta ba ta cewa ga ƙarfen da za a canza. Nuna unguwa take yi, makanike ne ke gano gidan. Shi ya sa ban yarda cewa kiran mai kwamfuta cin fuska ne ga makanike ba. Makaniken da ya iya karanta allon nan ya fi ƙarfin a yi masa wayo.

Wani abin lura shi ne ba kowace jonawa ce jonawa ba. Ƙaramar na'urar wayar hannu injin kawai take tambaya, shi ma tambayoyin gama-gari. Babbar mota kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa: ta giya, ta birki, ta jakar iskar kariya, ta ƙafafun da iska ke ɗagawa a Range Rover da wasu Mercedes, ta makulli. Kowace tana da nata kundin. Kafin a shiga dukkansu sai da manhajar kamfani, irin Xentry ta Mercedes, ISTA ta BMW, Techstream ta Toyota da Lexus, ko wata babbar na'ura mai iya zagaya motar duka. A nan ne ake kama jakar iskar da ta fashe a haɗari ba a mayar ba, a nan ne kuma wani lokaci kilomitar da ke rubuce a wata kwamfuta kan saɓa da ta dashbod. Motocin da ambaliya ta ci a Amurka, irin waɗanda guguwar Harvey ta nutsar a 2017, da yawansu ta hanyar gwanjon kamfanonin inshora suke fita ƙasashen waje. Ruwan da ya kwanta a wayoyi ba ya ƙara, sai dai ka ga lambobi masu farawa da U, alamar kwamfutocin sun daina jin juna. Raunin batir ma yana kawo irin waɗannan, don haka sai a haɗa da ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, a kuma bincika tarihin motar da lambarta ta VIN mai harafi da lamba 17.

Mai jonawar ya zama naka, kai ka kira shi kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya ce yana nan kusa ba. Ka tsaya a kansa, kuma kafin yatsansa ya kai ga madannin gogewa ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, domin da yawan masu wannan sana'a sun saba gogewa da zarar sun karanta, a ganinsu taimako ne. Da hotunan nan za ka koma wurin makanikenka ya ƙiyasta kuɗin gyara, da su kuma za ka zauna da dillali a sake taya motar.