Raymond Palmer da Mujallarsa ta Farko

A shekarar 1969, wadda a cikinta ɗan Adam ya fara taka doron wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka zuwa sama. Irin wannan rubutu shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da marubuci ya ƙago amma ya ɗora shi a kan ilimin taurari ko na'urori. Shekara 39 kafin nan, a watan Mayu na 1930, wata ƴar mujalla mai wannan suna da Ingilishi, The Comet, ta fito a birnin Shikago na Amurka. Ita ake ɗauka mujalla ta farko da masu karanta irin waɗannan labarai suka buga da kansu, kuma ɗaya daga cikin editocinta biyu saurayi ne ɗan shekara 19, Raymond Palmer.

An haifi Palmer a Milwaukee a 1910. Yana ƙarami mota ta buge shi, ta lalata masa ƙashin baya, ya tashi da ƙusumbi. Doguwar jinya ce ta haɗa shi da karatu. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories, yana kuma buga wasiƙun makaranta tare da adireshinsu. Wannan ƙaramar dabara ta sa samarin da ba su taɓa ganin juna ba suka fara musayar wasiƙu, suka kafa ƙungiyoyi, suka shiga fitar da mujallu. Yawancinsu da keken rubutu ake buga su, a gurza su da irin injin nan da makarantun sakandare, daga Kazaure har Babura, suka daɗe suna gurza takardun jarrabawa da shi. Ba riba ake nema ba; galibi ma edita ne ke biyan kuɗin kan sarki daga aljihunsa.

A 1938 aka naɗa Palmer editan Amazing Stories ɗin kanta, kuma ciniki ya bunƙasa a hannunsa. Sai dai a 1945 ya fara buga labaran wani Richard Shaver, mai cewa akwai mugayen halittu a kogunan ƙarƙashin ƙasa da ke cutar da mutane da na'urori, ya kuma gabatar da su tamkar gaskiya. A nan ya kauce hanya, domin ƙagaggen labari ba ya yaudarar kowa muddin an san ƙage ne, amma Palmer bai kawo hujja ko ɗaya da za a iya gwadawa ba. Mujallar ta ƙara kasuwa, tsofaffin abokansa kuwa suka yi masa ca a cikin ƙananan mujallun nasu. Ya bar aikin a 1949, ya koma buga mujallu a kan al'amuran gaibu da jiragen da ake cewa daga wasu duniyoyi suke zuwa, har ya rasu a 1977.