Tambaya ɗaya kowace safiya: yadda matasan Batsari za su riƙe tarihinsu a cikin waya

Wace rana aka ƙirƙiri Jihar Katsina? Tambaya ce mai sauƙi, amma idan aka jefa ta a majalisar matasa a Batsari ko Safana, ko a shagon cajin waya, za a ji amsoshi iri-iri. Wani zai ce 1991, wani ya rantse cewa tun zamanin Murtala ne. Amsar ita ce 23 ga Satumba, 1987, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna.

Irin wannan gasa ta "rana kamar ta yau" ta daɗe a intanet. Shafin farko na Wikipedia ta Turanci yana kawo abubuwan da suka faru a kowace rana, kuma akwai manhajoji da yawa a Play Store masu yin tambayoyin tarihi. Matsalar ita ce yawancin tambayoyinsu a kan Amurka ne da Turai. Matashi zai iya haddace ranar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, alhali bai san shekarar da Turawa suka ci Kano ba.

A Batsari abin ya fi haka ciwo. Duk wanda ya rubuta sunan garin a Google, abin da zai fi cin karo da shi labarin hare-haren 'yan bindiga ne daga Dajin Rugu. Da wuya ya ga bayani a kan sarautar Sarkin Ruma da ke Batsari, ko ta Yariman Katsina da ke Safana. Idan matasan yankin ba su saka tarihinsu a waya ba, labarin tashin hankali kaɗai zai rage wa na baya.

Yadda ake haɗa gasar

Ba sai mutum ya iya rubuta manhaja ba. WhatsApp ta kawo tsarin jefa ƙuri'a a guruf tun 2022. Mai kula da guruf zai rubuta tambaya, ya saka amsoshi uku ko huɗu, sannan ya kashe madannin da ke ba da damar zaɓar amsa fiye da ɗaya. Rauninsa shi ne kowa yana ganin inda jama'a suka karkata, don haka masu bin ayari sukan yi yawa. Sai da yamma a bayyana amsar, tare da gajeren bayani.

Telegram ta fi dacewa da wannan aiki. Tun 2020 take da tsarin kacici-kacici, inda mai tambaya ke nuna amsar daidai tun farko. Da zarar mutum ya danna zaɓinsa, nan take zai ga ko ya ci ko ya faɗi. Duka biyun rubutu ne zalla, ba sa cin data kamar bidiyo.

Tambayoyin kuma a tara su a Google Sheets, kowace da rana, wata, shekara, amsa, da inda aka samo ta. Ga kaɗan na somawa: 21 ga Fabrairu, 1804, hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu. 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa suka ci Kano. 1 ga Janairu, 1973, aka fara amfani da naira. 12 ga Disamba, 1991, aka mayar da babban birnin tarayya Abuja. 5 ga Mayu, 2010, rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Inda ake yin tuntuɓe

Na farko, kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Shehu ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817, a cikin shekarar 1232 ta Hijira. Wanda ke bin lissafin Hijira, ranar tunawarsa tana matsowa kowace shekara. Dole mai tambaya ya faɗi kalandar da yake nufi. Haka nan kwanan watan Musulunci da ke cikin waya yakan saɓa da sanarwar Sarkin Musulmi da kwana ɗaya.

Na biyu, ranakun da aka canza. Ranar Dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce, sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da mayar da ita 12 ga Yuni. Tambayar da ba ta fayyace zamani ba za ta jawo gardama.

Na uku, kuma mafi haɗari, kwafo daga wani guruf ba tare da bincike ba. Kwanan wata na ƙarya idan ya shiga gasa, mutane za su haddace shi a matsayin gaskiya. Ƙa'idar ita ce kada a saka tambaya sai an ga amsarta a wurare biyu mabambanta.

Idan sabis ya ɗauke

Mutanen Batsari da Safana ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Darasin shi ne a ajiye kwafin tambayoyin a kan wayar kanta, a kuma rubuta su a littafi. Ko ba sabis, ana iya karanta tambayar ranar a majalisa.

Mafi darajar tambayoyin ma ba a intanet suke ba. Suna wurin dattawan da suka san shekarar da aka buɗe firamaren unguwa, ko lokacin da kwalta ta iso gari. Kowace waya tana da manhajar naɗar murya. Matashi ya nemi izini, ya zauna da kakansa ko tsohon malamin makaranta na rabin awa, zai tashi da tambayoyin mako guda waɗanda babu manhajar da ke da su.