Idan gaban mota ya ƙi yin ɗumi a lokacin ɗari

Jama'a, ɗari ya kama. Direban bashe da ya taso da kayan lambu daga Madawa ko Galmi da asubar fari a watan Janairu ya san abin da hunturu ke yi wa yatsu. Motar nan kuwa ita ce wani lokaci ke ɗaukar mai naƙuda ko jariri marar lafiya zuwa gidan likita cikin dare. Sai a murɗa makunnin ɗumi, iska ta fito da sanyinta. Da yawa sukan ce ba komi, su ƙara bargo. Alhali ɗumin gaban mota daga ruwan inji yake zuwa. In ya ragu, sau da yawa ruwan ne ba ya zagayawa sosai, kuma injin da ke haka ba zai jure zafin watan Afrilu ba.

Ga yadda abin yake. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ke tura ruwa cikin inji ya kwashe zafi, ya kai shi babban lagireto na gaba ya huce. Amma akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye gaban ƙafafun direba. Tiyo biyu ke zuwa gare shi, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Ƴar fanka tana hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta shigo wa mutane.

Da safe, tun inji yana da sanyi, a buɗe marfin lagireto a duba ruwa. Ƙaramin lagireton nan a sama yake, don haka shi ne na farko da ke rasa ruwa idan ya ragu, sai iska ta maye gurbinsa. Alamar wannan ita ce ɗumi ya zo in an taka mota, ya ɓace in an tsaya. A cika ruwa, a ajiye motar gabanta na kallon tudu, a tayar da inji marfi a buɗe, makunnin ɗumi a ƙarshe, har kumfa ta daina fitowa. In alamar ba ta gushe ba, a sa makanike ya duba famfo, don tsatsa takan cinye fikafikansa. Kada kowa ya kuskura ya buɗe marfin nan inji na da zafi. Ruwan da ke matse a ciki yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe sai ya yi tsartuwa ya saɓule fatar fuska da hannu.

Bayan haka sai a dubi allurar zafi. In an yi tafiyar minti 15 ba ta ɗaga ba, a tambayi labarin tarmosta, wanda makanikanmu ke ce wa kalorista. Ƴar ƙofa ce da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe. A garejojinmu an saba cire ta a jefar, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. A ganina wannan kuskure ne. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana saurin cinyewa, gaban mota kuma ba ya ɗumi. In ma mota tana tafasa, galibi laifin na lagireton da ya toshe ne, ko fambel da ya saki, ko marfin da ya mutu.

Idan allura ta hau daidai, hannu ne zai faɗi saura. A kashe inji, a taɓa tiyon nan biyu da hankali. In duka biyu suna da zafi, ruwa na shiga, matsalar tana wajen fanka ko wayar da ke buɗe ƙofar iska. In duka ba zafi, ko bawul ya maƙale, ko iska ta tsaya. A lura kuma, wasu tsofaffin motoci an daɗe da haɗe tiyon biyu da juna don ƙaramin lagireto ya taɓa yoyo.

In kuwa ɗaya na ƙuna ɗaya na sanyi, ya toshe, kuma a nan ruwan rijiya yake shigowa. Duk mai butar shayi ya san farin dattin da ke kama gindinta. Shi ne ke taruwa, tare da tsatsa, cikin hanyoyin ƙaramin lagireto, waɗanda ba su fi tsinke faɗi ba. A cire tiyon biyu, a tura ruwa mai tsabta ta bakin fita, a hankali, har ya riƙa fitowa garau ta bakin shiga. Ƙarfin ruwa mai yawa fasa shi yake yi. Daga nan a zuba ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, wanda ke hana tsatsa. In babu hali, tataccen ruwan sama ya fi na rijiya. Sai dai ruwan kantin nan guba ne mai zaƙi, ɗan kaɗan yana kashe ƙodar yaro ko ta dabba. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo, kada a zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko inda awaki ke sha.

Farin hayaƙi daga salansa bayan inji ya yi zafi, ko man inji ya koma kamar madara, ko kumfar da ba ta ƙarewa cikin lagireto, duk suna nuna gasket na kan inji ya ƙone. Wannan aikin gareji ne, a tsayar da motar. Kafin a gyara, kada a shigo da kaskon gawayi gaban mota a rufe gilasai. Iskar gawayi ba ta da wari, tana sa barci da ciwon kai, tana kisa, kuma jariri ta fi saurin kamawa.