Man kanumfari: abin da yake yi da abin da ake ɗora masa

Duk wanda turmin haƙori ya taɓa tasa tsakar dare ya san abin da tsohuwar gida za ta ce: a ɗauko ƙwayar kanumfari, a aza kan haƙorin, a danne. Haka aka saba daga Birnin Ƙonni har Badagishiri, kuma sau da yawa zogin kan lafa har mutum ya samu ya runtsa. Abin da ya zo sabo shi ne kwalba. Yanzu man kanumfari ake sayarwa a shagunan magungunan gargajiya da teburan bakin tasha, ga saƙonnin murya na yawo a WhatsApp suna yi masa kirari: wai yana kashe tsutsar haƙori, yana fitar da sanyin ƙashi, yana sace kowane kumburi, har a ɗiga wa jariri mai fitar da haƙora. A cikin wannan kirari akwai gaskiya, kuma gaskiyar ce ke sa mutane su haɗiye sauran ba tauna.

Cewa yana kwantar da zogi, wannan haka yake. Kanumfari tohon fure ne na wata bishiya da asalinta tsibiran Maluku ne na Indonesiya, ake kuma nomanta a Zanzibar da Madagaska. In aka turara shi aka tace, man da ke fita yawanci kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari wani sinadari ne mai suna yujinol. Shi ne ke sa harshe ya yi nauyi in ka tauna ƙwayar, domin yana dakatar da saƙon da jijiya ke kaiwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Likitocin haƙori sun fi shekara ɗari suna kwaɓa shi da wani farin gari su toshe kogon haƙori na wucin gadi, shi ya sa ɗakinsu ke ƙamshin kanumfari. A shekarar 2006 masu bincike a Kuwait sun gwada kwaɓaɓɓen garin kanumfari a dasashin mutum 73 kafin a soka musu allura, suka tarar ya rage zafin kamar yadda maganin shafawa na asibiti mai suna benzokain ya rage. Kakanninmu ba su yi kuskure ba.

Sai dai zogi ya tafi daban, haƙori ya warke daban. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani ke cin sukarin da ya maƙale a baki, su mai da shi tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin har ya kai ga jijiya. Mu da muke kwana a fada muna shan shayi na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa, ƴan ƙwayoyin kanumfarin da aka jefa a buta ba za su fanshe mu ba. Man yana rufe bakin jijiya ne kawai, ramin kuwa yana nan yana ƙara zurfi. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne ranar da ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, mutum ya ce alhamdulillahi ya rabu da shi, alhali wani lokaci jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasan saiwar. In kunci ya kumbura, jiki ya yi zafi, baki ya ƙi buɗuwa sosai ko haɗiya ta yi wuya, maganar kwalba ta ƙare. A nufi likita a ranar, ko ta Ƙonni, ko ta Illela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950.

Batun kumburi da ciwon gaɓɓai shi ne inda masu talla suka fi samun abin kamawa. Gaskiya ne an ga yujinol yana rage sinadaran da ke hura kumburi, amma a ɗakin gwaji aka gani, a jikin ɓeraye da ƙwayoyin halitta da aka raina a faranti. Daga nan zuwa gwiwar manomin albasa da ya yi shekara talatin yana duƙe a fadamar Galmi akwai tafiya. In an cakuɗa ɗigo kaɗan da man gyaɗa ko man kaɗanya aka murza, ɗumin da tausar na iya sa a ji sauƙi. Ba ya mai da guringuntsin da ya zaizaye, kuma shan sa ba ya fitar da wani sanyi daga ƙashi.

Haka zancen mata masu matsi da shi ko tsarki da shi don maganin sanyi: wurin fata ce mai laushi, man kuwa yana ƙuna.

Akwai kuma masu cewa ai abin da ake sa wa a kunu da yaji ba zai cutar ba. Nan ne na fi so a tsaya a saurara. Ƙwaya biyar a tukunya ba ɗaya take da tataccen mai ba, domin kafin a cika cokalin shayi guda da man sai an tatse kanumfari cike da tafin hannu. In ya taɓa dasashi zallansa yana iya saɓule shi. In yaro ya sha, hanta yake kamawa. A 1993 likitoci a Ingila sun ba da labarin wani yaro ɗan shekara biyu da ya sha tsakanin mililita 5 zuwa 10, wato cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. Ya yi doguwar suma, ya yi jijjiga, hantarsa ta taɓu, jininsa ya rikice, da ƙyar aka ceto shi. Kwalbar ƙarama ce, ƙamshinta na jan yaro, kuma a gidajenmu bisa taga ko ƙarƙashin matashi ake aje irinta. Kada a shafa wa jariri mai fitar da haƙora. Mai juna biyu ta bar man, ta tsaya ga kanumfarin miya da kunu. Mai shan maganin tsinka jini ya nisanci man, don yujinol ma yana rage daskarewar jini.

Yaron da ke fama da tamowa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, in dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa na wari, kuncinsa ya fara tashi, kada a ɓata ko kwana ɗaya ana shafe-shafe. Cutar da likitoci ke kira noma haka take farawa, kuma cikin ƴan kwanaki take cin fuska. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita.

Ba duk abin da ke cikin kwalba ne tataccen mai ba, wani man girki ne aka jiƙa kanumfari a ciki. Na ainihin ya ɗan fi ruwa nauyi, in ka ɗiga a kofin ruwa nutsewa yake yi, na jiƙo kuwa sai ya taso sama. Babban mutum da haƙori ya kama cikin dare, ba halin zuwa likita sai gari ya waye, yana iya haɗa ɗigo ɗaya da rabin cokalin man gyaɗa, ya tsoma ƴar auduga, ya matse ta, ya aza a kogon haƙorin ba a kan dasashi ba, ya tofar da yawun. In babu man, ƙwayar da tsohuwa ta ce a danne ta isa ta kai shi safiya.